John Winthrop: Gwamnan da ya guje wa tsangwamar addini, ya koma yana korar masu saɓa masa

Idan aka ce gwamnan Turawa, wanda ke faɗo wa mutumin Arewa a rai shi ne irin su Lugga: gwamnati ta naɗa shi a Landan, ta turo shi da soja ya mulki mutanen da ba jinsinsa ba. John Winthrop, wanda ya riƙe Massachusetts a gabar arewa maso gabashin Amurka tun daga 1630, ba ta haka ya hau kujera ba. Masu hannun jarin wani kamfani ne suka zaɓe shi, akasarin waɗanda yake mulka Ingilishi ne 'yan'uwansa da suka biyo shi don raɗin kansu, kuma duk shekara sai an sake kaɗa ƙuri'a. Sau 12 ana zaɓensa gwamna kafin ya rasu a 1649, sau uku kuma ana sauke shi a ɗora wani.

Labarin da ya fi yawo shi ne cewa shi da jama'arsa sun ƙetare tekun Atlantika neman 'yancin addini. To amma ba su cika shekara takwas da sauka ba sai da suka kori wani fasto cikin tsananin sanyi, suka kori wata ungozoma uwar 'ya'ya, suka ƙwace bindigogin maƙwabtansu, duk a kan saɓanin fahimtar Littafi Mai Tsarki. Masu gaggawar yanke hukunci kan ce munafunci ne kawai, an matsa musu, da suka samu dama suka matsa wa wasu. Ni ban ga haka ba. Winthrop bai taɓa yi wa kowa alkawarin 'yancin addini ba. Abin da ya je ginawa daban ne, kuma yadda aka ɗaure ƙuri'a da ƙofar coci a ginin nan shi ya sa kowace gardamar malamai take rikiɗewa ta koma rikicin mulki.

Ingilar da ya baro

Hatta gandun da ya tashi a ciki, rikicin addini ne ya kawo shi hannun gidansu. Bayan Sarki Henry na Takwas ya ɓata da Paparoma ya ƙwace dukiyar gidajen 'yan zuhudu, kakansa Adam Winthrop, ɗan kasuwar tufafi a Landan, ya sayi gandun Groton a yankin Suffolk a 1544. A kusa da nan aka haifi John a 1588. Ya shiga Jami'ar Cambridge da ƙuruciya, ya bari bai gama ba, ya yi aure yana ɗan shekara 17. Matansa biyu na farko sun riga shi gidan gaskiya tun yana matashi, sannan a 1618 ya auri Margaret Tyndal. Lauya ne, kuma a 1627 ya samu aiki mai tsoka a kotun da ke kula da dukiyar marayun manyan gida a Landan.

Cocin Ingila ya rabu da Roma, amma ya riƙe mukaman bishop, da rigunan limamai, da durƙuso wajen karɓar jibin Ubangiji, da alamar gicciye wajen baftisma. 'Yan Puritan, ɓangaren da Winthrop yake ciki, suna ganin gyara ya tsaya a rabin hanya. Ba ficewa suka yi ba, daga ciki suke son gyarawa, kuma wannan ne ya bambanta su da mutanen da suka kafa Plymouth a 1620, waɗanda suka raba gari da cocin baki ɗaya.

Akwai aƙida biyu nasu da ya kamata mai karatu ya riƙe, don a kansu komai ya rataya. Ta farko daga koyarwar John Calvin take, wani malamin tauhidin Kirista: Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsira tun kafin a kafa duniya, kuma babu aikin kirkin da zai sayo wa mutum ceto. Ta biyu: Allah yana ƙulla alkawari da al'umma ɗungurungum, kuma idan ta zuba ido ana saɓo a cikinta, ita duka zai hukunta tun a nan duniya, da annoba ko yunwa ko yaƙi.

Da wannan idon suka kalli abin da ya biyo bayan hawan Sarki Charles na Ɗaya a 1625. Matarsa Katolika ce 'yar Faransa. William Laud, wanda ya zama bishop na Landan a 1628, ya shiga toshe bakin masu wa'azin Puritan. A watan Maris na 1629 sarki ya sallami majalisar dokoki, ya yi shekara 11 yana mulki ba tare da ita ba. Kasuwar tufafi ta faɗi a Suffolk, shi kansa Winthrop aikin kotun ya suɓuce masa. Ya rubuta wa Margaret cewa ya haƙiƙance Allah zai saukar wa ƙasar babban bala'i, kuma ba da jimawa ba.

Kamfanin da ya koma gwamnati

A cikin watan Maris ɗin nan ne sarki ya ba Kamfanin Massachusetts Bay takardar izini. A fuska kamfanin kasuwanci ne kamar saura: gwamna, mataimakinsa, mashawarta 18, da babban taron masu hannun jari sau huɗu a shekara, mai ikon kafa doka muddin ba ta ci karo da ta Ingila ba. Sai dai takardar ba ta ambaci garin da za a riƙa yin taron ba. Bisa al'ada shugabannin irin wannan kamfani a Ingila suke zama, a gaban idon sarki, su tura wakili can. Haka Kamfanin Royal Niger ya yi a gabar Kwara da takardarsa ta 1886, ragamar tana Landan.

A watan Agusta mutum 12, har da Winthrop, suka haɗu a Cambridge suka rattaba hannu cewa za su tafi da iyalansu bisa sharaɗi ɗaya: a tafi da takardar da shugabancin kamfanin gaba ɗaya. A watan Oktoba aka zaɓe shi gwamna. Da wannan dabarar taron masu hannun jari ya koma majalisar ƙasa, kuma kotun ƙoli a lokaci guda, da tafiyar wata biyu a ruwa tsakaninta da fada.

Sun tashi a watan Afrilu na 1630, shi a cikin jirgin Arbella, ayarin jirage 11 ɗauke da mutum wajen 700, suka sauka Salem a watan Yuni. A daidai wannan tafiyar ce ya tsara huɗubar da aka fi saninsa da ita. Ya ce Allah ne ya so wasu su wadata wasu su talauce don kowa ya buƙaci ɗan'uwansa, saboda haka mai shi ya rage jin daɗi domin marar shi ya samu abin sawa a baka. Ya ce sun ƙulla alkawari da Allah, in suka saɓa fushinsa zai auka musu. Sannan ya ɗauko maganar Linjilar Matiyu ya ce za su zama kamar birnin da ke bisa tudu, idon kowa na kansu. 'Yan siyasar Amurka, musamman tsohon shugaban ƙasa Ronald Reagan, sun mai da wannan kalma kirari. A bakin Winthrop gargaɗi ce, don abin da ya biyo bayanta shi ne: in muka ci amanar Allah za mu zama abin labari da abin ba'a a duniya.

Shekarar farko kuwa ta zo da zafi. Ɗansa Henry ya nutse a wani rafi jim kaɗan bayan ya sauka daga jirgi. Kafin ƙarshen shekara mutum wajen 200 sun mutu, wasu da dama sun juya gida. Neman ruwan sha mai kyau ya kai su wani zirin ƙasa da suka raɗa wa suna Boston. Margaret tana da juna biyu, don haka a Ingila ya baro ta, suka yi alkawarin kowace Litinin da Juma'a, daga ƙarfe biyar zuwa shida na yamma, kowa zai keɓe ya tuna ɗan'uwansa ya yi masa addu'a. Sai ƙarshen 1631 ta iso. Ana kuma ba da labarin cewa an taɓa kawo masa tsegumin wani talaka yana satar masa itace da sanyi, sai ya kira mutumin ya ce daga yau ya riƙa ɗiba har sanyi ya wuce, sannan ya ce wa masu tsegumin ai ya raba shi da sata. Mutum ne mai sanyin hali, wannan ko maƙiyansa ba su musa ba.

Mabuɗin ƙuri'a

A takarda masu hannun jari kaɗai ke da ƙuri'a, kuma waɗanda suka ƙetaro daga cikinsu ba su taka kara sun karya ba. Winthrop da mashawartansa suka buɗe ƙofa, a watan Mayu na 1631 aka rantsar da maza sama da 100 a matsayin masu ƙuri'a. A zaman nan kuma aka kafa dokar cewa daga yanzu ba wanda zai samu wannan matsayi sai ɗan ikilisiya. Jama'ar ba su tsaya nan ba. A 1634 suka ce a fito musu da takardar sarki su gani da idonsu, suka tarar ikon yin doka nasu ne, suka kafa tsarin kowane gari ya turo wakilai, suka ajiye Winthrop suka zaɓi Thomas Dudley.

Zuwa coci ranar Lahadi dole ne a kan kowa. Zama ɗan ikilisiya kuwa wani abu ne dabam. Kafin 1636 ta wuce, al'ada ta zauna cewa mai neman shiga sai dattawa sun tantance shi, ya ba da labarin yadda alherin Allah ya yi aiki a zuciyarsa, sannan jama'a su amince ko su ƙi. Fastoci ba sa riƙe muƙamin gwamnati, babu kotunan coci irin na Ingila, ko aure ma majistare ke ɗaurawa. Duk da haka wanda ke tsaron ƙofar coci shi ke tsaron akwatin zaɓe.

A nan gizo ke saƙa. Idan Allah ne kaɗai ya san zaɓaɓɓunsa, ta yaya dattawa za su gane su? Amsar akasarin fastocin ita ce: aikin kirki ba ya sayen ceto, amma yana iya zama alamarsa. Wanda aka ga rayuwarsa ta gyaru, ana iya kyautata zaton yana cikin masu tsira. A kan wannan siririyar magana coci ya tsaya, ƙuri'a ta tsaya, gwamnati ta tsaya.

Roger Williams

Wanda ya fara girgiza ginin wani matashin malami ne, Roger Williams, da ya iso a farkon 1631. Ikilisiyar Boston ta yi masa tayin aiki, ya ƙi, ya ce ba zai shugabanci mutanen da ba su fito fili sun rabu da Cocin Ingila ba. Daga Salem ya shiga cewa sarkin Ingila ba shi da hurumin kyautar da ƙasar da ba tasa ba, sai an saya a hannun 'yan asalinta. Ya ce kada a sa wanda bai tuba ba ya rantse da sunan Allah. Mafi girma, ya ce hukuma ba ta da ikon hukunta laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa.

Lokacin bai dace da irin wannan magana ba ko kaɗan. Laud ya zama shugaban Cocin Ingila a 1633, shekara guda bayan nan aka ɗora shi kan kwamitin kula da yankunan ƙetare, kuma Landan ta aiko a mayar mata da takardar izini. Mutanen Boston suna ja da lokaci a wasiƙa, suna gina ganuwa a bakin teku. Ana cikin haka John Endecott, ɗaya daga cikin mahukuntan yankin, ya yanke gicciyen da ke jikin tutar Ingila a Salem, wai alamar Paparoma ce. Duk wanda ya soki takardar sarki a wannan hali makami ya miƙa wa Laud.

A watan Oktoba na 1635 majalisa ta yanke wa Williams hukuncin kora. An bar shi ya jira sanyi ya wuce in zai yi shiru, bai yi ba. Da aka tura a kamo shi a watan Janairu don a sa shi a jirgin Ingila, sai aka tarar ya tsere ta cikin ƙanƙara. Winthrop ba shi ne gwamna ba a lokacin, amma yana cikin majalisar. Shekaru da yawa bayan haka Williams ya rubuta cewa Winthrop ne ya aiko masa a asirce ya nufi gabar Narragansett, inda hannun Massachusetts bai kai ba. Can ya kafa Providence, kuma su biyun suka ci gaba da musayar wasiƙa cikin mutunci.

A watan Janairun nan dai aka zaunar da Winthrop a gaban manya, aka tuhume shi da yawan sassauci wajen hukunci. Ya kare kansa da cewa jaririyar ƙasa sai da lallashi. Aka miƙa wa fastoci, suka ce tsanani ya fi dacewa. Ya karɓa, ya ce zai gyara. Wadda gyaran ya fara faɗa wa ita ce maƙwabciyarsa.

Matar da ke tsallaken titi

Anne Hutchinson 'yar fasto ce, matar wani attajirin ɗan kasuwa, ta haifi 'ya'ya 15. Ta iso Boston a 1634 tana bin sawun malaminta John Cotton, kuma gidansu na kallon na Winthrop. Tana karɓar haihuwa, tana jinyar mata, ta haka ta shiga kowane gida. Sai ta fara tara mata a ɗakinta tana yi musu bitar wa'azin Cotton. Taron ya kai mutum 60 ko fiye, maza suka fara zuwa, har da sabon gwamna Henry Vane, saurayi ɗan shekara 23, ɗan wani babban mashawarcin sarki, wanda aka zaɓa a 1636.

Abin da take koyarwa shi ne, kyawun hali ba ya nuna komai game da ceto, don munafuki ma yana iya gyara zahirinsa. Tabbacin ceto Ruhu Mai Tsarki ne ke sanya shi a zuciyar mutum kai tsaye. Ta ce a duk yankin, Cotton da surukinta John Wheelwright ne kaɗai ke wa'azin alkawarin alheri, saura alkawarin ayyuka suke koyarwa. A kunnen ɗan Puritan wannan daidai yake da a ce masa ya koma Katolika. Idan kuma ta yi gaskiya, fastocin ba su cancanci tantance kowa ba, waɗanda suka shigar ikilisiya ba a san matsayinsu ba, ƙuri'arsu ma haka.

Ikilisiyar Boston kusan duka ta koma bayanta. In fastonta John Wilson ya miƙe zai yi wa'azi sai wasu su tashi su fice. Da aka so ƙara Wheelwright cikin malaman ikilisiyar, Winthrop ne ya miƙe ya ce bai yarda ba, kuma da yake sai baki ya zo ɗaya ake naɗi, maganar ta mutu. A watan Janairu na 1637 aka sa ranar azumi don a sasanta, Wheelwright ya yi wa'azin da ya ƙara rura wutar. Majalisa ta same shi da laifin tada zaune tsaye, mutanen Boston wajen 60 suka sa hannu a takardar koke don kare shi.

Daga nan sai siyasa tsagwaronta. Aka ɗauke zaɓen watan Mayu daga Boston aka kai Newtown, inda magoya bayan Vane ba su da yawa. A filin zaɓe Vane ya ce sai an karanta koken tukuna, Winthrop ya ce zaɓe aka zo yi. Saura ƙiris a ba hammata iska. Winthrop ya ci. Dogaran da ke raka gwamna riƙe da mashi suka ajiye makamansu suka ƙi bin sa, sai barorinsa ya sa suka ɗauka. Majalisa ta kafa dokar cewa baƙo ba zai wuce mako uku a yankin ba sai da izinin mahukunta, don an san akwai masu ra'ayin Wheelwright a kan hanya. Vane ya koma Ingila a watan Agusta, inda bayan shekara 25 aka fille masa kai saboda rawar da ya taka a yaƙin basasa. Taron fastoci ya zauna ya lissafa kurakuran aƙida 82 ya la'ance su. Cotton ya ga inda iska ta dosa, ya fara ja da baya.

A watan Nuwamba aka kori Wheelwright, sannan aka kira Anne. Matsalar Winthrop ita ce ba ta sa hannu a koken ba, ba ta taɓa yin jawabi a bainar jama'a ba. Shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne kuma alƙali, ita kuwa ba ta da lauya. Ya ce ta karya umarnin girmama uwa da uba, tunda mahukunta iyayen ƙasa ne kuma ta karɓi masu yi musu tawaye a gidanta. Ta ce wannan lamari ne na lamirinta. Ya ce wa ya ba ta izinin koyarwa? Ta kawo wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, inda aka ce tsofaffin mata su koya wa ƙanana. Har ta kai ya ce mata kotu ba ta zo yin muhawara da jinsin mata ba, maganar da ke nuna hujja ta fara ƙare masa. Washegari ta nemi a rantsar da fastocin da ke ba da shaida a kanta, abin da suka yi ta nuƙu-nuƙu a kai. Cotton ya tashi ya ce shi bai tuna ta faɗi maganar da tsaurin da ake jingina mata ba. Ƙarar ta kama hanyar rushewa.

Sai ta buɗe baki da kanta. Ta ce Allah ne ya nuna mata wane wa'azi ne na gaskiya. Aka ce ta yaya ta san daga Allah ne? Ta ce ta yaya Ibrahim ya san Allah ne ya umarce shi ya miƙa ɗansa? Dudley ya ce ta murya kai tsaye. Ta ce to ita ma ta wahayi kai tsaye. Ta ƙara da cewa in suka ci gaba da abin da suke yi, za su jawo wa kansu da zuriyarsu la'ana. A wajen 'yan Puritan wahayi ya rufe da kammaluwar Littafi Mai Tsarki, kuma wanda ke karɓar umarni daga sama ba fasto ko majistaren da zai iya ce masa tsaya. Aka yanke mata kora. Ta ce tana so ta san dalilin korarta. Winthrop ya ce: "Kada ki ƙara magana. Kotu ta san dalili, kuma ta gamsu."

Aka umarci mutum 58 a Boston su kai bindigoginsu da takubbansu su ajiye. Ita aka tsare ta a wani gida a Roxbury har sanyi ya wuce, sannan a watan Maris na 1638 ikilisiya ta yanke ta daga zumunci, Cotton na cikin masu yi mata faɗa. Tana fita, wata ƙawarta Mary Dyer ta tashi ta kama hannunta suka fita tare.

Abin da ya biyo baya ne ba na iya nema wa Winthrop uzuri a kansa. Ya ji cewa Mary Dyer ta taɓa haifar jaririya babu rai, mai tawayar halitta, an binne ta a ɓoye. Ya sa aka tone kabarin, ya rubuta siffarta dalla-dalla, aka yaɗa har Ingila a matsayin shaidar fushin Allah. A 1643, da labari ya zo cewa 'yan ƙabilar Siwanoy sun kashe Anne da 'ya'yanta shida a yankin da Holan ke riƙe da shi, kusa da New York ta yau, nan ma hannun Allah ya gani.

Waɗanda ba a sa cikin alkawarin ba

Kwana tara bayan zaɓen Newtown, ranar 26 ga Mayu 1637, sojojin Ingilishi ƙarƙashin John Mason da John Underhill, tare da mayaƙan ƙabilun Mohegan da Narragansett, 'yan asalin ƙasar, suka kewaye garin ƙabilar Pequot a Mystic suka cinna masa wuta. Mutum 400 ko fiye suka hallaka, akasari mata da yara da tsofaffi. Massachusetts ta yi ranar godiya. Rikicin cikin gida ya bi su har fagen daga: wasu mutanen Boston sun ƙi fita yaƙin saboda Wilson ne limamin rundunar, shi kuma Underhill yana cikin waɗanda aka ƙwace wa makami bayan wata shida.

Tun a 1634, bayan agana ta share garuruwan 'yan asalin ƙasar, Winthrop ya rubuta cewa Ubangiji ya tabbatar musu da mallakar ƙasar ke nan. Fursunonin Pequot an raba wasu a gidaje, an tura wasu tsibiran Karebiyan. Jirgin Desire da ya kai su ya dawo a 1638 da auduga da taba da bayi 'yan Afirka, kamar yadda shi kansa ya rubuta a kundinsa. Kundin dokokin yankin na 1641, wanda ya tsare haƙƙoƙi masu yawa, ya kuma halatta bautar da fursunan yaƙi da baƙon da aka sayo.

Shekarun ƙarshe

Wakilin da ke kula da dukiyarsa ya jefa shi cikin bashi mai nauyi, har sai da jama'a suka yi masa karo-karo. A 1645, yana mataimakin gwamna, mutanen garin Hingham suka zarge shi da wuce gona da iri a wata rigimar zaɓen shugaban dakarunsu. Ya sauko daga kujerar alƙalai ya zauna a wurin wanda ake tuhuma. Da aka wanke shi sai ya yi ɗan jawabi: 'yanci iri biyu ne, akwai na dabba, kowa ya yi abin da ya ga dama, akwai kuma na yin abin da yake daidai kawai, wanda ba ya tabbata sai ƙarƙashin hukuma. Ku kuka zaɓe mu, in ji shi, amma da zarar kun zaɓa, ikonmu daga Allah yake.

Duniyar kuwa ta riga ta juya masa baya. A Ingila 'yan'uwansa Puritan suna yaƙar sarki tun 1642, kuma a rundunarsu ana haƙuri da ɗariƙun da Boston ke kora. Williams ya je Landan ya samo wa yankinsa takardar izini a 1644 da taimakon Vane. A shekarar nan Massachusetts ta kafa dokar korar masu ƙin yi wa jarirai baftisma. A 1646 Dokta Robert Child da abokansa suka kai koke cewa a ba duk Ba'ingilishe mai mutunci ƙuri'a da damar shiga ikilisiya, in ba haka ba za su kai ƙara majalisar Ingila. Aka ci su tara, aka bincike kayan Child kafin ya hau jirgi, aka tsare shi. Winthrop ne gwamna. Margaret ta rasu a 1647, shi kuma ya bi ta ranar 26 ga Maris 1649, ƙasa da wata biyu bayan an fille kan Sarki Charles.

Waɗanda suka gaje shi sun riƙe tsarin ba tare da sanyin halinsa ba. Tsakanin 1659 da 1661 an rataye 'yan ɗariƙar Quaker huɗu a Boston, Mary Dyer na cikinsu. Tsarin kansa kuma ya fara zaizayewa ta ciki, don da yawa daga 'ya'yan da aka haifa a can sun girma ba su da labarin tuba da za su bayar a gaban dattawa. A 1662 fastoci suka ƙirƙiro musu matsayin rabi da rabi: a yi wa 'ya'yansu baftisma, amma su ba za su ci jibin Ubangiji ba. A 1684 kotu a Landan ta soke takardar da Winthrop ya ƙetaro da ita. Wadda ta maye gurbinta a 1691 ta ce sarki ne zai riƙa naɗa gwamna, ƙuri'a ta mai dukiya ce ko da ba ɗan ikilisiya ba ne, kuma kowane Kirista yana da 'yancin yin ibadarsa, ban da Katolika.